Gilashi Ba Ya Shan Rubutu

Litinin, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Na jera gilasan gwajina. Rabi a nan gidanmu na Gwarzo, kan teburin ƙarfe a bayan rumbu inda rana ke wuni, rabi kuma a Gude, gidan Gwaggo Gwamma. Kowane gilashi bai wuce tafin hannu ba, baƙi ƙirin. Inna ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Zinnira, wai waɗannan ne kika yi shekaru kina yi a ƙasar Turawa? Ai madubin jakata ya fi su girma."

Na yi mata bayani yadda nake yi wa ɗalibaina 'yan ajin farko. Ferobsikait sunan abin. Sinadari ne da muke shafawa tsakanin gilasai biyu, bai kai ɓawon albasa kauri ba, yana shan rana ya ba da wuta kamar sola, amma da araha. Aibinsa raki. Zafi na damunsa, laima na kashe shi, in ya mutu kuma baƙin nan sai ya koma ruwan ɗorawa. Aikina a ƙungiyarmu ta masu bincike shi ne danƙon da ake liƙe gefen gilasan da shi don kada komai ya shiga. Ni na haɗa shi da hannuna.

Wannan zagayen gwajin zafi ne kawai, ba ruwa a ciki. In suka zauna baƙaƙe har damina ta faɗi, ƙungiya za ta ɗauki danƙona, sunana ya zo farko a takardar da za mu fitar, a kuma kawo manyan farantai a gwada a rijiyar burtsatse ta Gude. In suka canza launi, akwai danƙon wasu mutane yana jiran layi, ni kuwa na zama labari.

Na gargaɗi kowa: akwai dalma a ciki, kada a taɓa, kada a goge, kada ruwa ya kusance su. Yaya Sagiru ya kewaye wurin da waya saboda awaki, yana ta tsokana wai Dakta ta dawo gida kiwon gilashi.

Baba yana ɗaki.

Laraba, 8 ga Afrilu, bayan magariba

Kullum kafin azahar Yaya Sagiru yake ɗaukata a babur zuwa Gude in auna na can, mu dawo bayan la'asar. Gwaggo Gwamma ta sa wa gilasan suna 'ya'yan Zinnira. Yau ta ce, "'Ya'yanki lafiya lau suka kwana, ko kuka ba su yi ba. Saura na gaskiyar." Na yi kamar ban ji ba. Matan layinsu har sun fara tambayar yaushe za a daina jan guga.

Na zauna wajen Baba kaɗan. Zauren shiru tun da ɗalibansa suka koma wajen Baffa Abdulmuttalib. Baba fa, mutumin da muryarsa ke tashin unguwa da karatu. Na ba shi labarin aikin, ya saurara yana kallon hannunsa na dama a kan cinyarsa. Ba zan rubuta kan wannan ba.

Asabar, 11 ga Afrilu, da yamma

Ikon Allah! Baba ya fito.

Da muka dawo daga Gude na same shi a zaure kan buzunsa, allo a jingine gefe, tawada a yatsunsa. Na dama. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Rajab bai taɓa alƙalami ba, duk da likita ya ce a riƙa sa shi yana motsa hannun. Inna ta ce shi da kansa ya nuna kurtun tawada da ido, ta jiƙa masa. Rubutun ya karkace kamar sawun kaza, amma rubutu ne. Na shiga ɗaki na yi kuka na wanke fuska, na fito na ce masa sannu da aiki.

Gilasai baƙi ƙirin, nan da can.

Talata, 14 ga Afrilu, hantsi

Mitin ta kwamfuta. Farfesa, shugabar ƙungiyarmu, 'yar Indiya ce mai ƙarancin yabo, amma yau ta ce da kyau. Dakta Dalhatu, abokin aikina na jami'a a Kano, ya kira bayan an gama yana dariya: "Dakta Zinnira, ta ce da kyau fa! A yanka zakara."

Alhamis, 16 ga Afrilu, bayan asuba

Akwai wani ɗigo a kusurwar gilashi ɗaya. Na nan gida. Wataƙila idona ne.

Juma'a, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Ba idona ba ne.

Ruwan ɗorawa ne, ya fara daga gefe yana cin ciki. Wasu biyu ma sun soma. Wutar da suke bayarwa ta ragu. Na Gude kuwa ko gezau. Rana ɗaya ce ke dukansu, na'urar auna zafi abu ɗaya take faɗa nan da can, danƙo ɗaya, hannu ɗaya ya liƙe su a rana ɗaya. To me ya bambanta Gwarzo da Gude? Ruwa ba ya tsami banza.

Na titsiye Yaya Sagiru ko awaki sun tsallaka. Ya rantse har da dafa ƙirji. Na tambayi Inna ko an yi shanya kusa da wurin, ta ce a'a, ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba.

Baba ya ci tuwo da kansa yau, da hannun.

Litinin, 20 ga Afrilu, da rana

Ban gaya wa Dalhatu ba tukuna. Akwai wasu tabo-tabo busassu a kan gilasan, launin ƙasa-ƙasa. Ba kashin tsuntsu ba ne. Na ɗauki hotonsu ina ta kallo kamar za su yi magana.

Laraba, 22 ga Afrilu, bayan isha'i

Bari in rubuta shi a tsanake.

Mun kama hanyar Gude, ba mu yi nisa ba tayar babur ta fashe. Na bar Yaya Sagiru wajen mai faci na dawo gida a ƙafa, ana idar da azahar, rana tsaka, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Na shigo ta ƙofar baya.

Baba yana tsaye a bakin wayar nan, ya dogara da sanda. Inna na gefensa riƙe da ƙoƙo. Yana tsoma yatsun hannun damansa a ciki, yana ɗagawa da kyar, yana yayyafawa a kan gilasaina ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Gilasan sun yi zafi kamar tanda. Kowane ɗigo ya sauka sai in ji cuu. Hannun yana rawa, rabin ruwan a rigarsa yake zuba, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama ya shafa fuska.

Na maƙale a bayan rumbu kamar ɓarauniya har suka wuce.

Da ya kwanta na sami Inna a madafi. Na ce, "Inna, ban ce kada ruwa ya kusance su ba?"

Ta ce, "Ai ba ruwa ba ne. Rubutu ne."

Wallahi sai da na zauna. Na ce, "Da me aka wanke allon?"

"To da me za a wanke? Na randa. Mai sanyin ma nake zaɓar masa." Sai ta ajiye muciya ta dube ni. "Kuma bai taɓa ba, daga nesa yake yi, kin ce kada a taɓa. Ranar da kika ba shi labarin aikin nan bai yi barcin rana ba. Ya ce kowa ya taimaka miki, Sagiru ya kai ki, Gwamma ta ba ki wuri, shi kaɗai ne ba ya da abin bayarwa. Ayoyin buɗi da kariya yake rubuta miki. Shi ya tashe shi, Zinnira. Ke ba ki ga ya tashi ba?"

Na gani mana. Ni na fara gani.

Alhamis, 23 ga Afrilu, hantsi

Na kira Dalhatu na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "To ai shi ke nan, kin huta! An ɓata na Gwarzo, ba laifin danƙo ba ne. Ƙa'idar gwaji ta ce ba ruwa, an sa ruwa. A ajiye su gefe, mu kai sakamakon Gude. Babu ƙarya a ciki ko ta ƙwayar zarra."

Gaskiyarsa, babu ƙarya a ciki. Sai dai ni 'yar garin nan ce, na san yadda ruwan farko yake zuwa. Ba da safe yake zuwa ba. Rana ta gama gasa komai, la'asar ta yi, hadari ya haɗo daga gabas, ruwa mai sanyi ya sauka kan kwano mai zafi har ka ji yana ƙara. A ɗakin gwaji tururi mai ɗumi muka yi wa danƙon nan, ya jure. Ba wanda ya taɓa watsa masa ruwan sanyi yana tsakiyar zafi. Abin da Baba yake yi da ƙoƙo shi damina za ta yi da bakin ƙwarya, a kan manyan farantai, a gaban matan Gude.

Dalhatu ya ce, "Wannan matsalar zagaye na gaba ce. A fara fitar da takarda, a gyara daga baya. Kin san mutanen nan ba sa jira."

Na ce zan yi tunani.

Asabar, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ce wa Inna ta lallaɓa shi ya daina. Ta ce, "Ke ki faɗa masa, ba ubanki ba ne?" Na je har bakin zaure. Yana rubutu, harshensa a gefen baki kamar yaro mai koyon baƙi. Na ce masa ko a ƙaro tawada.

Sai na yi dabara. Na ɗauke wanda ya rage baƙi guda ɗaya na kai ɗakina, na bar masa matattun. Yau ban je Gude ba, na tsaya tare da su lokacin yayyafin. Ya nuna gilasan da sanda ya ce, a yadda maganar take fita yanzu, "Ya... canza?"

Na ce, "Haka yake yi, Baba, in yana aiki."

Allah na tuba.

Litinin, 27 ga Afrilu, bayan magariba

Bakin Yaya Sagiru ba shi da linzami, tun muna yara. Ni ce sakarya da na gaya masa a kan hanya. Ana zaune a zaure bayan la'asar, Baffa ya zo gaisuwa, ana yaba yadda hannun Baba ya dawo, sai ya ce cikin raha, "Ai hannun nan ya yi ƙarfi, Baffa, tun da har ya cinye wa Dakta aikin shekara da shekaru da ruwan allo." Yana dariya. Shi a ganinsa yabo ya yi.

Ba wanda ya taya shi dariyar. Baba ya dube ni. Ban iya ɗaga kai ba. Ya ɗauki allon da hannun hagu ya juya fuskarsa ga bango, ya nemi sandarsa.

Na gaya wa Yaya Sagiru maganganun da ba a gaya wa yaya. Ban yi nadama ba tukuna.

Talata, 28 ga Afrilu, da rana

Baba yana ɗaki.

Alhamis, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Baba yana ɗaki. Koko kawai ya sha, Inna ce ta ba shi a baki. Tawadar ta bushe a kurtu.

Na Gude baƙi ƙirin. Gwaggo ta ce 'ya'yana sun yi kyau, ni ce na rame. Na zauna a gindin darbejiyarta na daɗe ina kallonsu. Kyansu har haushi yake ba ni, don na san abin da ke jiransu.

Mitin ranar Litinin ne. Dalhatu ya turo saƙo sau uku.

Asabar, 2 ga Mayu, hantsi

Zafi yau ba a magana. Kaji ma sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Na shiga gaishe shi, ya amsa da kai, fuskarsa na bango. Hannun yana kwance a inda yake a da.

Litinin, 4 ga Mayu, bayan azahar

Na faɗa musu duka. Na nuna hotunan Gude, na nuna na Gwarzo, na ce danƙon yana jure zafi, yana jure tururi, amma in ruwan sanyi ya same shi yana da zafi sai ya tsage, kuma haka ruwan farko yake sauka a ƙasarmu. Na ce ba zan sa hannu a kai shi rijiyar mutane ba.

Farfesa ta tambaya wane ne ya tsara wannan gwaji na ruwa, don ba ya cikin yarjejeniya. Na ga Dalhatu a ɗan akwatinsa na allon kwamfuta ya rufe ido. Na ce mahaifina ne, malami ne, addu'a yake yi wa aikin, a wurinmu ana rubuta ta a wanke da ruwa. Wani a cikinsu ya yi murmushi. Ita ba ta yi ba. Ta tambayi sanyin ruwan da lokacin da ake zubawa, na gaya mata, ta rubuta.

Za su ɗauki ɗaya danƙon. Sunana zai koma tsakiya, inda ba wanda yake karantawa. Rijiyar Gude ba bana ba. Amma ta ce shi ma ɗaya danƙon ba zai wuce ba sai an yi masa wannan gwaji, kuma duk ɗakunan gwajinmu na ƙasashe uku za su fara yi daga wannan makon.

Dalhatu ya kira. Ya ce, "Kin kyauta wa kimiyya, kin cuci kanki." Na ce na ji. Ya ce a gaida Malam.

Abin ya yi mini ciwo. Ba zan yi ƙaryar cewa bai yi ba. Shekarun nan ba su dawowa, kuma ni zan je in gaya wa Gwaggo su ci gaba da jan guga.

Talata, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Guga dai ba yau muka fara ba. Yaya jikin yayana?" Na durƙusa na hau auna gilasan.

Yaya Sagiru ya sayo mini mangwaro a hanya. Na karɓa.

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na jiƙa tawada da kaina. Na ɗauko allon daga bango, na ɗauko gilashin nan baƙi da na ɓoye, na shiga na durƙusa a gaban gadonsa.

Na ce, "Baba, na yi maka ƙarya ranar nan, ba haka yake yi in yana aiki ba. Mutuwa ya yi. Amma ba kai ka kashe shi ba, aibin yana cikinsa, ni ce ban gani ba. Da ba ka zuba ba, da sai an kafa manya a Gude, ruwan farko ya zo ya kunyata ni a gaban jama'a. Yanzu haka akwai masana a ƙasashe uku suna gasa gilashi suna watsa masa ruwan sanyi, abin da kai ka fara a bayan rumbu. Zan sake haɗa wani danƙon. In na haɗa, ina so kai za ka fara gwada shi. Ga wannan, ka zuba masa."

Bai juyo ba. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi. Na ajiye kayan kusa da hannunsa na fito.

Gabas ta ɗan yi duhu da yamma, amma iska ta watsar.

Juma'a, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Ina ɗaki Inna ta leƙo ta ce, "Malam na kira." Muryarta wani iri.

Yana zaune a bakin gado. Allon a jiƙe, an wanke. Ƙoƙon na hannunsa na dama, yana rawa, amma bai zube ba. Gilashin yana kan tabarma inda na bar shi, a bushe. Na ɗauka na miƙa masa don ya yayyafa.

Ya ture shi gefe da bayan hannun hagu. Ya daɗe yana haɗa maganar.

"Gilashi... ba ya sha." Ya miƙo ƙoƙon. "Ke."

Rabona da shan rubutu tun daren jarrabawar fita sakandare. Na karɓa da hannu biyu. Ɗacin tawadar na nan yadda na san shi, da ɗan yauƙin ƙaro, da sanyin randar Inna. Na shanye tas ina kuka, shi kuma yana kallona har sai da na kife ƙoƙon na nuna masa, kamar yadda yake sa mu yi muna yara.

Sannan ya ce in miƙo masa sanda.

Hadari ya haɗo sosai yanzu, Inna na ta kwashe shanya. Na kira Gwaggo na ce kada ta rufe gilasan, a bar ruwa ya same su, gobe zan zo in auna.

Baba yana zaure.